Na'urar kiran ɗauki ta tsofaffi: me ake saya, kuma wa zai ɗauki kiran?

Wannan tambayar ta fara yawa a tsakanin 'yan uwanmu dake zaune Amurka da Ingila da Jamus, musamman masu iyaye a gida. Wani ya ɗauko Hajiya daga Kano ko Kumasi ko Maraɗi ta zo ta zauna da jikoki a unguwar Bronx ta New York, wani kuma shi kansa Baban ne ya shigo ƙasar tun yana matashi yanzu ƙarfi ya ƙare, yara sun watse kowa na jiharsa. Safiya na yi mai gida ya fita aiki, matarsa ta fita, yara makaranta, sai a bar tsohuwa ita kaɗai a bene na huɗu daga bakwai na safe har magariba, kuma can ba kamar gida bane da maƙociya zata leƙo tace "Hajiya an tashi lafiya?" in taji shiru ta tura ƙofa. Shi ne ake cewa a saya mata irin abin wuyan nan da ake dannawa in an faɗi. Toh wanne za'a saya? Kamfanonin sun fi a ƙirga, kowa yace nashi ne na ɗaya.

Abin da zan ce tun farko shi ne robar da ake ratayawa a wuya ita ce mafi ƙanƙantar abinda kake biyan kuɗinsa. Abu uku ne a jere, sai dukkansu sunyi aiki kafin a ceci mutum: a danna, wani ya ɗauka ya fahimci me ake ciki, sannan wani ya iso ya iya shiga gidan. Talla kuwa kullum akan robar take, launinta da nisan da take kaiwa.

Tsarin ba sabo bane. A Amurka wani masanin halayyar tsofaffi Andrew Dibner da matarsa Susan ne suka kafa kamfanin Lifeline a 1974 a jihar Massachusetts, Philips ya saye shi a 2006, daga baya a 2021 ya koma hannun Connect America. A Jamus ma cikin shekarun 1970 aka fara aikin irinsa a garin Wilhelmshaven, yau kuma ƙungiyoyin agaji kamar Red Cross ta Jamus da Johanniter da Malteser ne manyan masu gudanar da shi. Amma abinda yasa duk Ba'amurke ya san na'urar wata tallar talabijin ce ta kamfanin LifeCall a 1989, tsohuwa kwance a ƙasa tana cewa ta faɗi ta kasa tashi. Mutane suka maida ita abin barkwanci shekara da shekaru, kuma a ganina wannan barkwancin yayi ɓarna, don har yau akwai dattijan da basa son a gansu da abin saboda kar a ce sun zama wannan tsohuwar.

Faɗuwa kuwa ba abin dariya bane. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tace cikin duk mutum huɗu da suka kai 65 ko suka haura, ɗaya na faɗuwa a kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Sai dai na'urar bata hana faɗuwa, wannan a fahimta, aikinta ɗaya ne rage tsawon lokacin da mutum zai kwana a ƙasa. Likitoci na ɗaukar kwanciyar da ta wuce awa ɗaya a matsayin matsala mai zaman kanta ko da ba'a karye ba: jiki ya bushe ba ruwa, sanyin tayil ya shige shi, tsokar da aka danne ta fara lalacewa tana zuba dattinta cikin jini har ƙoda ta samu matsala, ga gyambon kwanciya, ga ciwon huhu da kan biyo baya. Ga kuma tsoro, wanda ya taɓa kwana a ƙasan banɗaki yana kiran sunan 'ya'yansa ba mai ji, ko ya warke zakaga ya daina yarda da ƙafarsa, ya rage motsi, rage motsin kuma ya ƙara raunana ƙafar.

Yanzu ga wurin da nake so a tsaya. A 2008 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa wani bincike da Jane Fleming da Carol Brayne sukayi a Cambridge, sun bi tsofaffi 'yan sama da shekara 90 na tsawon shekara guda suna rubuta duk faɗuwar da sukayi. Da yawansu suna da na'urar kiran ɗauki a gida. Amma mafi yawan lokutan da mutum ya faɗi shi kaɗai ya kasa tashi, ba'a danna ba. Wani bata jikinsa, tana kan durowa ko rataye a gado, wani tana wuyansa amma yace bari dai ya ƙoƙarta ya tashi da kansa, wani tsoron a kwashe shi asibiti daga nan ace bazai sake zama shi kaɗai ba, wani kuma baya son ya dami mutane. Duk wanda ya zauna da iyayenmu ya san wannan na ƙarshen. "Ai ba komai, kar a taso yaron nan daga aiki." Kunya da kawaici, tsohuwa zata kwana da ciwo bata faɗa ba balle ta danna botin har Bature ya amsa.

Don haka tambayar farko ba wane kamfani bane. Tambayar ita ce me Hajiya zata yarda ta saka kullum, da dare, da cikin banɗaki. A zauna da ita a nuna mata nau'ukan ta zaɓa da kanta, kar a kawo mata shi a kwali kamar hukunci. Akwai dattijon da yana ganin abin wuyan zaice shi baya rataya laya, amma in ka bashi na hannu mai kama da agogo ya karɓa. Akwai kuma wadda ta fi son na wuyan don yana shigewa ƙarƙashin hijabi ba mai gani.

Nau'ukan kusan uku ne. Na farko na cikin gida: akwati mai lasifika da ake jonawa a wuta, da ƙaramin botin a wuya ko a hannu dake magana da akwatin. Kyawunsa batirin botin ɗin na yin shekaru ba caji, ba abinda tsoho zai tuna. Matsalarsa in an fita daga gida ya tashi aiki, kuma nisan da suke rubutawa a talla, ƙafa dubu ko fiye, a fili ake auna shi ba bango, gidan bulo da bene na rage shi sosai. Sannan lasifikar na jikin akwatin ne, in akwatin na falo ita kuma ta faɗi a banɗaki ƙofa a rufe, kiran zai tafi amma mai amsawa bazai ji muryarta sosai ba. Kamfani mai kyau in yaji shiru ɗauka yake an shiga matsala ya tura agaji, a tambaya a tabbatar haka tsarinsu yake. Akwatin kuma yana da batirin ko-ta-kwana in an ɗauke wuta, yawanci kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Na biyu shi ne na yawo, mai sim a ciki da GPS dake nuna inda mutum yake, lasifika da makirfo duk a jikinsa. Wannan shi ya dace da Baba mai zuwa masallaci sau biyar da kasuwa da tashar bas. Amma sai an riƙa cajinsa, wani kullum wani bayan 'yan kwanaki, kuma lokacin da yake kan caji baya jikin mutum. Galibi da dare ake sa shi caji, daren nan kuma shi ne lokacin tashi fitsari cikin duhu da magagin barci, musamman ga mai shan maganin hawan jini da kan sa jiri in an miƙe da sauri. Kaga an cire shi daidai lokacin da akafi buƙatarsa. Mafita a maida cajin lokacin da akwai mutane a gida, misali bayan isha'i ana hira, a mayar kafin a kwanta.

Na uku agogon zamani irin Apple Watch, wanda tun Series 4 a 2018 yake gane faɗuwa, kuma yana kunna wannan da kansa in shekarun da aka saka masa sun kai 55. In yaji mummunar faɗuwa zai tambaya ko lafiya, in mutum bai motsa ba kamar minti ɗaya sai ya fara ƙirga da ƙara sannan ya kira lambar gaggawa, ya tura saƙo ga 'yan uwan da aka saka. Samsung da Google ma suna da irin haka. Abu ne mai kyau ga dattijo ɗan boko mai 60 da wani abu da ya saba da waya. Ga mai 85 da ido ya raunana hannu na rawa, gaskiya ni bana bada shawararsa, fuskar ƙarama ce, caji kusan kullum, kuma shi kai tsaye lambar gaggawa (911 a Amurka) yake kira, babu wata cibiyar amsa kira ta kamfani a tsakani da ta san tarihin ciwonta da lambar ɗanta.

Akwai wani abu da tallar Turawa bazata taɓa kawowa ba, alwala. Mai sallah na wanke hannu zuwa gwiwar hannu sau da yawa a rana, abin hannu kuwa ana cire shi ko a tura shi sama, in aka cire aka ajiye a bakin famfo toh sai an tuna. Na wuya ba ruwansa da alwala. Kuma banɗaki ne wurin da yafi haɗari a gidan, santsi ga ɗaga ƙafa ɗaya a wanke a cikin sink wanda shi kansa dalilin faɗuwa ne, don haka dole na'urar ta zama wadda ruwa baya yi mata komai, kuma a faɗa wa tsohuwa ƙarara cewa da ita ake wanka, don in ba'a faɗa ba hankalinta zai bata abin lantarki ne ta cire. A samar mata kujerar roba ta zauna tayi alwala, da ƙarfen riƙewa a bango. Igiyar wuyan ma a duba, ta zama mai tsinkewa da kanta in ta maƙale, don a 2009 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta taɓa fitar da gargaɗi kan igiyar da ta shaƙe wasu har da rasa rai, bayan ta sarƙe a jikin keken guragu ko ƙarfen gado. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kuma ya tambayi likitansa tukuna, saboda wasu na'urorin akwai maganaɗisu a jikinsu.

Batun gane faɗuwa da kanta, wanda a Amurka ake ƙara masa kamar dala 10 a wata. Yadda yake aiki akwai ƙaramin ma'auni a ciki dake jin saurin motsi da buguwa, wasu da na biyu mai jin canjin tsawo daga ƙasa, in yaji an yi ƙasa da sauri an bugu sannan shiru sai ya kira. Toh tsofaffi da yawa ba haka suke faɗuwa ba, sulalewa suke a hankali daga bakin gado ko jikin bango har su kai ƙasa, irin wannan na'urar kan iya rasa shi. Kamfanonin da kansu suna rubutawa da ƙananan haruffa cewa baya kama kowace faɗuwa, in kana iya dannawa ka danna. Yana kuma yin ƙararrawar ƙarya, a jefa shi kan tebur ya kira. Duk da haka in mutum na da farfaɗiya, ko sukari dake faɗuwa ya suma, ko ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ni zan biya dala goman nan ba tunani, tunda wanda ya suma baya danna komai. A satin farko a sa ido a ga ko ruku'u da sujada na tada shi, in yana yawan ƙara a cikin sallah toh ranar da Baba zai cire shi ya jefa a durowa ta kusa.

Sai mai ɗaukar kiran, kuma anan ne matsalarmu ta bambanta da ta ɗan ƙasar da aka ƙera abin dominsa. An danna, murya ta fito da Turancin Amurka mai sauri tana tambaya ko kina buƙatar taimako, Hajiya kuma Hausa take ji sai ɗan Larabcin addu'a, tana cikin ciwo da firgici. Kamfanoni na cewa suna da tafinta na harsuna sama da ɗari, amma wannan yana nufin zasu haɗa kiran da wani kamfanin tafinta ne, a jira a samo mai Hausa. Kar a karɓi "muna da duk yare", a ce musu Hausa takamaimai, a rubuta a fayil ɗinta, sannan a gwada da ita a zaune, ta danna da hannunta a ga minti nawa ake ɗauka. In abin bai gamsar ba akwai hanya biyu: a rubuta a fayil cewa bata jin Turanci, duk kiran da ya shigo a kira ɗanta nan take a haɗa su, in bai ɗauka ba a tura motar asibiti ba sai an jira bayani ba. Ko kuma a sayi nau'in da bashi da cibiya, wanda ke kiran lambobin 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya, ba kuɗin wata. Shi kuma hatsarinsa kowa ya sani, ɗan yana tuƙi ko yana cikin tiyata ko wayarsa na kashe, kiran ya faɗa akwatin saƙon murya.

Jerin sunayen da za'a kira ma a yi shi da hankali. Ba babban ɗa dake Texas ake sawa farko ba don shi ne babba, wanda yafi kusa da ƙofar ake sawa, ko da maƙocin bene ne ɗan Senegal da kuke sallah tare. A Amurka wannan har da batun aljihu, don motar asibiti na iya zuwa da takardar biyan ɗaruruwan daloli wani lokaci ta haura dubu, alhali sau da yawa abinda ake buƙata kawai wani ya kama ta ya ɗaga.

Ƙofa. Mutanenmu akwai kulle gida, makulli biyu da sakata da sarƙa. 'Yan kwana-kwana sun iso suna jin nishi a ciki, zasu ɓalle ƙofar, lokaci ya tafi ga kuɗin gyara ga rigima da mai gidan haya. Shi yasa ake saka ƙaramin akwatin makulli mai lambobin sirri a waje, a ba cibiyar lambar su kuma su faɗa wa masu zuwa. A Ingila wannan ya zama ruwan dare, ƙananan hukumomi da yawa tare suke haɗa shi da na'urar. Amma makullin waje baya buɗe sakatar ciki, sai an roƙi Hajiya ta daina saka sakata in ita kaɗai ce, wannan ma hira ce mai zaman kanta. Takardar magungunanta da cututtukanta a manna a jikin firji, nan ma'aikatan gaggawa suka saba dubawa.

Layin da kiran ke bi ma ya ci mutane. A 2022 kamfanonin waya na Amurka suka kashe 3G, AT&T a Fabrairu, Verizon a ƙarshen Disamba, tsofaffin na'urori masu sim ɗin 3G suka zama kwalliya. Don haka kar a karɓi tsohuwar na'ura kyauta daga wani ko a saya ta hannu a intanet ba'a bincika ba. A Ingila kuma yanzu ake cikin nasu, ana sauke tsohon layin tarho na waya ana maida kowa kan intanet, an so gamawa a ƙarshen 2025 aka ɗage zuwa Janairun 2027, kuma na'urorin tsofaffi na cikin manyan dalilan ɗagewar, don wasu tsofaffin akwatunan basa aiki daidai akan sabon layin, sabon layin kuma in wuta ta ɗauke shima ya ɗauke sai in da batir. Duk mai tsoho a can ya faɗa wa kamfanin wayarsa akwai na'urar kiran ɗauki a gidan kafin su zo canji. Mai sim kuma a tambayi netwok ɗin wane kamfani yake hawa, a gwada shi a ɗakin kwana da banɗaki, musamman masu zama a gidan ƙasa.

Kuɗi a taƙaice. A Amurka yawanci tsakanin dala 20 zuwa 50 ne a wata, ban da kuɗin na'ura ko na kunnawa da wasu ke karɓa. Medicare na asali, wato inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, baya biya, wasu tsare-tsaren Medicare Advantage da kamfanonin inshora ke gudanarwa da Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi a wasu jihohi suna biya, amma iyayen da aka kawo da bizar ziyara basa cikin ko ɗaya, daga aljihu ne. A Jamus asusun kula da masu rauni na bada tallafin kuɗi duk wata ga wanda aka tantance yana buƙatar kulawa kuma yana yawan zama shi kaɗai. A Ingila a fara da ƙaramar hukumar unguwa kafin kamfani. Kwantiragi shi ne abin karantawa: Life Alert an san shi da na shekara uku, irinsu Medical Guardian da Bay Alarm Medical suna da na wata-wata. Ga tsohuwar da wataƙila bayan sallah tace ita fa gida zata koma, shekara uku ba naku bane. A tambaya in an soke ana maida ragowar kuɗi, kuma na'urar haya ce ko saye, don in haya ce ta ɓata zaku biya. Duk wanda kuma ya kira waya yace an riga an biya wa Mama na'ura kyauta a bada lambar kati kawai don aikowa, ɗan damfara ne, hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sha gurfanar da masu irin wannan kiran, a ja wa tsofaffi kunne su kashe wayar.

Mai ciwon mantuwa da ya yi nisa kuwa botin ba nashi bane, bazai tuna me ake yi da shi ba. Shi abinda yake buƙata mutum a kusa, sai na'urar nuna inda yake in yana fita ya ɓace.

Wasu kuma tambayarsu ita ce su saya a Amurka su aika wa Baba a Kano ko Zinder. Akwatin kamfanin Amurka da sim ɗinsa da cibiyarsa duk na can ne, in ya sauka Kano bazai kira kowa ba, ko ya kira ma ma'aikaciyar dake can bata da motar da zata tura Gwammaja. Najeriya na da lambar gaggawa 112, amma a yawancin unguwanni wanda zai kai tsoho asibiti ƙaninka ne ko maƙoci mai mota ko mai adaidaita. Toh a gina tsarin akan su. Ƙaramar waya mai manyan lambobi irin mai botin gaggawa a baya, sim na gida wanda sabis ɗinsa ke kamawa a cikin ɗakin, a saka lambobin mutum uku na kusa da suka san an saka su kuma suka yarda bazasu kashe waya da dare ba, a ɗinka mata 'yar jaka mai igiya ta rataya, a ɗora wa jika ɗaya alhakin caji da duba kati don layin da aka daɗe ba'a amfani da shi kamfani na rufewa. Makullin ɗakin Baba ɗaya ya zauna a hannun wani a gidan, kuma duk farkon wata a sa shi ya danna da kansa a ga wayar wa tayi ƙara.